In kamfani ya yi laifi, wa za a riƙe?

A watan Oktoban 2015 shugaban reshen Volkswagen na Amurka, Michael Horn, ya zauna gaban 'yan majalisar dokokin ƙasar domin ya yi bayanin maguɗin da aka kama kamfaninsu da shi. Makonni kaɗan kafin nan hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa motocinsu masu shan dizal suna ɗauke da wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwada mota. In ta gane gwaji ake yi, sai ta sa injin ya rage hayaƙi mai guba. Da zarar mota ta hau titi sai ta saki, hayaƙin ya ninka abin da doka ta yarda da shi har kusan sau 40. Motoci wajen miliyan 11 a duniya ke da wannan manhaja. Da aka tambayi Horn, cewa ya yi a iya saninsa ba shawarar kamfani ba ce, wasu injiniyoyi ne 'yan kaɗan suka saka ta.

Duk wanda ya taɓa aiki a babban kamfani ya san wannan amsa, ko da kalmomin sun bambanta. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, a tsince shi a yar, magana ta ƙare. Ni aikina binciken cikin gida ne. Ina bin takardu, ina bin sa hannu, ina tambaya wa ya ba da izinin wannan, wa ya gani, yaushe ya gani. Abin da aikin ya koya mini shi ne, mutum biyu ko uku za su iya rubuta manhajar ha'inci, amma ba za su iya ɓoye ta cikin miliyoyin motoci shekara da shekaru ba, sai in gidan gaba ɗaya ya saba da rashin tambaya. Haka kuwa ta bayyana. A 2017 Volkswagen, shi kamfanin da sunansa, ya amsa laifi a kotun Amurka, ya yarda zai biya tarar dala biliyan 4.3. An kuma ɗaure injiniya James Liang wata 40, aka ɗaure wani manaja, Oliver Schmidt, shekara 7.

An riƙe mutane, an kuma riƙe kamfanin. A ganina haka ya kamata. Kamfani yana iya yin laifin da nasa ne na kansa, kuma wannan laifin ba ya sauke wa mutanen da ke ciki nasu nauyin ko kaɗan. Alhaki ba ya raguwa don masu ɗaukarsa sun yi yawa.

Akwai manyan masana da ba su yarda da rabin farko na maganata ba. Milton Friedman ya rubuta a jaridar New York Times a 1970 cewa mutane ne kaɗai ke iya ɗaukar alhaki. Manuel Velasquez ya faɗaɗa hujjar a 1983: kamfani ba shi da zuciyar da zai ƙulla niyya da ita, ba shi da hannun da zai aikata, don haka duk abin da aka ce kamfani ya yi, wani ɗan Adam ne ya yi shi. Wannan magana tana da nauyi a wurina. An tashe ni a kan cewa babu ran da zai ɗauki laifin wani rai, kuma aiki da niyya yake. In aka ce kamfani mai ma'aikata dubu ɗari ya yi laifi, ina matsayin mai gadin ƙofa, ko akawun da bai taɓa jin labarin abin ba? Ba zan taɓa yarda a shafa musu kashin kaji ba.

Abin da ya hana ni tsayawa a nan shi ne labarin wani jirgin ruwa.

Ranar 6 ga Maris 1987, da yamma, jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya tashi daga tashar Zeebrugge a Beljiyam zai nufi Dover a Ingila, ɗauke da motoci da fasinjoji. Irin jiragen nan ne masu manyan ƙofofi a goshi, ta nan motoci ke shiga. Ya tashi ƙofofin a buɗe. Da ya ƙara gudu sai ruwa ya kwararo cikin benen motoci, cikin kamar daƙiƙa 90 ya kife a gefensa. Mutum 193 suka rasu.

Wanda aikinsa ne ya rufe ƙofofin, wani ƙaramin ma'aikacin jirgi, yana ɗakinsa yana barci, bai ji sanarwar tashi ba. In ana neman wanda za a ɗora wa, ga shi nan a sarari. Amma binciken da Mai shari'a Sheen ya jagoranta bai tsaya a kansa ba. Shugaban wannan ma'aikaci shi ne na ƙarshe da ya bar benen. Ya ga ƙofa a buɗe bai rufe ba, ya ce ba ya cikin aikinsa. Babban jami'in jirgin shi ya kamata ya tabbatar an rufe, amma ƙa'idar kamfanin ta kuma buƙaci ya kasance a ɗakin tuƙi kafin tashi, wato ana neman mutum ɗaya a wuri biyu a lokaci guda. Kyaftin daga inda yake ba ya hango ƙofofin, kuma tsarin da aka ba shi shi ne in ba wanda ya zo ya ce akwai matsala, to ya ɗauka komai lafiya. Shiru shi ne shaidar lafiya, ko da shirun na mai barci ne.

Sai kuma na ofis. Tun 1985 wani kyaftin na kamfanin ya rubuta yana roƙon a saka 'yar fitila a ɗakin tuƙi wadda za ta nuna ko ƙofa a rufe take. Manajojin da ke kan tudu suka mai da roƙon abin wasa, har ɗayansu ya rubuta yana tambaya ko sai an saka musu fitila kafin su san ma'aikacinsu a farke yake. Kafin wannan dare jiragen kamfanin sun taɓa fita teku da ƙofa a buɗe ba sau ɗaya ba, Allah ya tsare. Akwai kuma takardar da wani manaja a Zeebrugge ya rubuta a 1986 yana cewa a matsa wa jami'ai lamba jirgi ya riƙa tashi minti 15 kafin lokacinsa. A rahotonsa Sheen ya ce cutar sakaci ta kama kamfanin tun daga sama har ƙasa.

Ka ɗauki kowannensu shi kaɗai ka auna. Wanda ya yi barci ya yi sakaci, ba shakka. Amma a kowane jirgi a duniya akwai ranar da wani zai makara, kuma tsarin kirki da sanin haka ake gina shi. Wanda ya yi wa roƙon fitila ba'a ya yi wauta babba, amma bai zauna ya ƙudurta mutuwar kowa ba. Babu mutum ɗaya a cikinsu da laifinsa shi kaɗai ya kai nauyin rai 193. Ga shi kuma rayukan sun tafi, kuma ba wanda zai kalli wannan jerin ya ce tsautsayi ne kawai. In ka gama raba wa kowa nasa, akwai ragowar da ba ta sauka a kan kowa ba. Tana cikin ƙa'idar da ta ce shiru lafiya ne, tana cikin jadawalin da ya fifita minti 15 a kan dubawa ta ƙarshe, tana cikin ɗabi'ar mai da koken ma'aikaci abin dariya. Waɗannan kayan kamfanin ne. Da an sallami duk ma'aikatan jirgin a ranar 5 ga Maris an ɗauko sababbi, da sun tarar da su suna jiransu.

A 1990 aka gurfanar da kamfanin, P&O European Ferries, tare da mutum bakwai, kan kisa ta hanyar sakaci. Shari'ar ta rushe. Dokar Ingila a lokacin sai an samo wani babba guda, wanda za a ce shi ne ƙwaƙwalwar kamfanin, kuma laifin ya tabbata a kansa shi da kansa. Ba a yarda a haɗa sakacin wannan da na wancan ba. Duba inda wannan ke kaiwa: iya girman kamfani da yawan sassansa, iya tsirarsa. Kamfanin farko da aka samu da irin wannan laifi a Ingila, a 1994, ɗan ƙarami ne mai shirya wasannin kwale-kwale, inda matasa huɗu suka nutse. A can ba a sha wahalar gano mai gida ba. Sai a 2007 Birtaniya ta yi dokar da ke duba yadda manyan kamfani suka tsara aiki suka kuma gudanar da shi, ba sai an nuna mutum ɗaya da yatsa ba. Ostareliya ta riga ta: kundin laifuffukanta na 1995 ya yarda a tuhumi kamfani in ɗabi'ar aikin da ta kafu a cikinsa ce ta ƙarfafa karya doka, ko ta kau da kai a kanta.

Peter French, wani masanin falsafa, ya kawo hujjar da ta dace da wannan tun 1979. Ya ce kowane kamfani yana da tsarin yanke shawara: wa ke da ikon sa hannu, wace hanya takarda ke bi, me aka ɗauka manufar gida. Shawarar da ta bi wannan hanya ta fito, ta kamfanin ce, ko da babu mutum ɗaya da ya so ta yadda ta fito. Ni ba na buƙatar in yarda kamfani yana da rai kafin in karɓi wannan. Ya ishe ni in ga yana sa hannu a kwangila, yana ɗaukar alkawari, yana karɓar bayani, yana iya sauya hanya in ya ga dama. Abin da ke iya ɗaukar alkawari yana iya saɓa shi. Kuma kamfanoni da kansu sun yarda da haka a duk lokacin da abin yabo ne. A tallarsu suna cewa mu muka ƙirƙiro, mu muka shekara ɗari muna yi muku hidima, alhali babu ma'aikacin yau da ya ga farkon tarihin. Wanda ya ce "mu" ranar yabo ba shi da hujjar cewa "su" ranar tuhuma.

Na taɓa bin wani rahoto a wani wurin da na yi aiki, tun daga hannun wanda ya fara rubuta shi har teburin daraktoci. Mai kula da injin ya rubuta da biro a littafin aiki cewa bawul ɗin nan yana yoyo, in ba a canza shi ba zai fashe. Shugaban sashe ya buga a kwamfuta cewa bawul na buƙatar gyara cikin gaggawa. Manajan da ke haɗa rahoton wata ya saka shi cikin jerin abubuwan da ake bibiya. Abin da ya isa gaban daraktoci shafi ɗaya ne mai launuka, kowane sashe da nasa, kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Sashen yana kore. Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya yi mini ƙarya. Shugaban sashe ya ce in ya rubuta "zai fashe" za a ce yana tayar wa mutane hankali. Manajan ya rage murya ya ce wanda ya kawo ja wata biyu a jere a bara an ɗauke shi daga kujerarsa. An canza bawul ɗin kafin ya yi ɓarna, amma abin bai bar zuciyata ba. Daraktocin nan da gaske ba su sani ba. Sai dai rashin saninsu gina shi aka yi, kuma su ne suka aza harsashin ranar da suka hukunta mai kawo labari mara daɗi. Dennis Thompson, wani masanin siyasa, ya kira irin wannan matsalar hannu da yawa, a 1980: hannaye sun taɓa abin da yawa har an rasa wanda za a ce nasa ne. Shi ya sa in shugaba ya ce mini bai sani ba, tambayar da nake yi ita ce me ya faru da mutumin ƙarshe da ya yi ƙoƙarin sanar da shi.

Bankin Wells Fargo na Amurka ya nuna yadda ake tura mutane ga laifi ba tare da an ba su umarni ba. An ɗora wa ma'aikatan rassa adadin asusun da za su buɗe, ana son kowane gida ya riƙe kayan banki takwas. Wanda bai cika adadi ba ya san aikinsa na rawa. Sai ma'aikata suka shiga buɗe wa abokan ciniki asusu da katunan bashi ba da saninsu ba. Da abin ya fito a 2016 an ci bankin tarar dala miliyan 185, daga baya bankin ya ce asusun da ake shakkarsu sun kai miliyan 3.5. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bankin ya riga ya kori ma'aikata wajen 5,300 cikin shekara biyar kan wannan aika-aika. Mutum dubu biyar, a rassa daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suna yin laifi iri ɗaya. Kowace takardar kora shaida ce da ta isa sama cewa adadin ne ke da matsala, amma aka ci gaba da kora aka bar adadin. Ban wanke waɗanda suka yi ba. Wanda ya sa hannun wani a takarda ya ci amana, kuma akwai abokan aikinsu da suka ƙi yi, wasunsu suka rasa aikin saboda haka. Amma wanda ya kafa adadin, yana kallon kora tana ƙaruwa, yana karɓar lada a kan alƙaluman, nasa ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

To ga inda nake jin tsoron hujjata. In aka yarda kamfani ne mai laifi, manya na iya samun mafaka a bayansa. Kamfani ba a kai shi kurkuku, tara yake biya, kuma tara takan zama wani layi a kasafin kuɗi. Jirage biyu na Boeing samfurin 737 MAX sun faɗi, ɗaya a Indonesiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris 2019, mutum 346 suka rasu. A Janairun 2021 kamfanin ya sasanta da ma'aikatar shari'a ta Amurka a kan dala biliyan 2.5. A ciki, dala biliyan 1.77 ta kamfanonin jiragen da suka sayi samfurin ce, miliyan 500 ta iyalan mamata, tarar laifin kanta miliyan 243.6. Mutum ɗaya aka gurfanar, wani matuƙin kamfanin, kuma kotu ta wanke shi a 2022. Na fahimci iyalan da suka ce wannan ba adalci ba ne.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda hukuncin kamfani ke faɗa wa marasa laifi. A 2002 aka samu kamfanin binciken lissafi na Arthur Andersen da laifin lalata takardun Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka da Andersen ke binciken lissafinsa. Andersen ya rushe, ma'aikata kusan 28,000 a Amurka suka watse, mafi yawansu ba su taɓa ganin takardar Enron ba. A 2005 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, amma babu sauran kamfanin da za a mayar wa sunansa. A matsayina na ɗan wannan sana'a, labarin yana taɓa ni ƙwarai. Sai dai ina bambanta abu biyu: shan wahala saboda hukunci daban, zama mai laifi daban. Akawun Andersen da ya rasa aikinsa ba mai laifi ba ne, kuma wahalarsa dalili ce ta a zaɓi hukuncin da ya dace, ba ta a daina hukunci ba.

Hukuncin da ya dace, a wurina, shi ne wanda ya taɓa ainihin wurin da laifin yake. In laifin a tsari yake, a tilasta gyara tsarin a kuma saka mai sa ido daga waje. In manya sun ci riba, a karɓe ribar daga aljihunsu. A Wells Fargo an ɗan kusanci haka: an ƙwace wa shugaban bankin, John Stumpf, ladan da ya kai dala miliyan 69, a 2020 aka haramta masa aikin banki har abada tare da tarar miliyan 17.5, kuma a 2018 Babban Bankin Amurka ya hana bankin ƙara girma har sai ya gyara gidansa. Takunkumin ya kai 2025. Wannan ya fi tara kaɗai ciwo, domin ya taɓa abin da adadin nan na takwas yake nema tun farko.

Ga ɗan ƙaramin ma'aikaci kuwa, abin da ya fi taimaka mini wajen tunani shi ne abin da malamai ke kira farilla ta kifaya, wato wajibin da ke kan jama'a gaba ɗaya: in wani ya yi ya ɗauke wa saura, in kowa ya bari to duk wanda ya sani kuma yake da iko ya shiga ciki. Rufe ƙofar jirgin nan aikin mutum ɗaya ne a takarda, amma kada jirgi ya fita teku da ƙofa a buɗe nauyi ne a kan duk wanda idonsa ya gani. "Ba aikina ba ne" gaskiya ce a takardar ɗaukar aiki, amma ba ta isa uzuri ba ga wanda ya gani. Kason kowa kuma gwargwadon saninsa ne da ikonsa da abin da ya samu. Mai gadin da bai sani ba babu komai a kansa. Wanda ya sani amma yana tsoron abincin 'ya'yansa, akwai wani abu a kansa, ko da a faɗa wa mutum ɗaya ne a rubuce, kuma ban taɓa raina wahalar yin hakan ba.

Nauyin kan wuce bangon kamfani ɗaya. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke wajen Dhaka a Bangladesh ya rufta, mutum 1,134 suka rasu, mafi yawansu masu ɗinka tufafin da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke sayarwa. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe, masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin aiki, wasu aka yi musu barazanar riƙe albashi. Kamfanonin da ke ba da odar za su iya cewa ginin ba nasu ba ne, ma'aikatan ba nasu ba ne, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Amma su ke yanka farashi, su ke yanka ranar kawo kaya, kuma waɗannan biyun ne ke sa mai masana'anta ya kasa rufe ƙofa ko na yini ɗaya. A watan Mayun shekarar aka ƙulla yarjejeniyar kare gine-gine da kashe gobara tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanonin tufafi, wadda sama da kamfani 200 suka sa wa hannu. Yarjejeniya ce da doka ke iya tilasta cika ta. Ta kawo injiniyoyi masu zaman kansu da ke duba masana'antu su wallafa abin da suka gani, ta wajabta wa masu ba da oda su tabbatar an samu kuɗin gyara, ta kuma ba ma'aikaci haƙƙin ƙin shiga ginin da yake ganin akwai haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba.